Kafin ka ce lantarki ya ƙara wa katalis ƙarfi, ɗauko kalkuleta

Ƙannena masu karatun kemistiri a nan Bauchi, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke neman taken furojet, na ga wasunku sun fara zumuɗin batun nan na a jona wa katalis, wato sinadarin da ke ƙara saurin haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, ɗan lantarki ya ninka aikinsa. Abin gaskiya ne ba tatsuniya ba, amma ni kam ya taɓa zubar min da mutunci a gaban malamai, kuma ba wanda ya jawo min sai gaggawata.

A shekarar 1981 a jami'ar MIT ta Amurka, Michael Stoukides da Costas Vayenas suka shafa azurfa a kan wani tangaran da ake kira zirkoniya, wanda idan ya ɗau zafi ayon na oksijin, wato ƙwayoyin oksijin masu ɗauke da caji, ke iya ratsa shi, suka sa lantarki kaɗan sai aikin azurfar ya canza fiye da yadda lissafi ya ce. Daga baya Vayenas ya ci gaba da aikin a jami'ar Patras ta ƙasar Girka, a 1988 aka raɗa wa abin suna NEMCA, wato canza ƙarfin katalis da lantarki fiye da lissafin Faraday. To me ya sa ya zama abin mamaki? Dokar Faraday ta ce duk abin da lantarki ya samar maka sai ka biya shi da elektron, kwabo da kwabo, babu ragi babu gyara. Amma da suka gwada ƙona gas ɗin etilin a kan filatinom a zafin digiri 370 na salshiyos, saurin aikin ya ninka kusan sau 25, kuma ƙarin da aka samu ya fi abin da lantarkin zai iya biya sau dubu 74. Lantarkin ba shi ke yin aikin ba, ayon ɗin da ya turo ne ke hawa fuskar ƙarfen su zauna su canza yadda ƙarfen ke riƙe gas da yadda yake sakinsa. Kamar mai gangar noma a wajen gayya ne, bai ɗaga fartanya ko sau ɗaya ba amma kunya sai tashi take. Ka kashe lantarkin kuma, a hankali komai ya koma yadda yake.

Ni ban fahimci wannan ba, hadda kawai na yi. Na fasa tsohon batirin tocila na zaro sandar kabon ɗin tsakiya da baƙin garin nan da ke kewaye da ita, manganis dayoksaid ne, kuma sananne ne yana sa haidirojin feroksaid kumfa, na sayo feroksaid a kemis, na haɗa wayoyi da wata tsohuwar caja, ina jonawa kuwa kumfa ya ƙaru a idona, wallahi har hannuna na rawa na rubuta wai na tabbatar da NEMCA. Ranar kare furojet malamin da ya zo daga waje bai ko ɗaga murya ba, cewa ya yi, ɗana, amfiya nawa ka sa, na minti nawa? Ya miƙo min alli. Lambar Faraday, wato cajin da ke cikin mol ɗaya na elektron, 96,485 ce, amfiya ɗaya na awa ɗaya zai ba ka kusan rabin lita na haidirojin, da na buga sai ga shi ƙarin gas ɗin da nake taƙama da shi lantarkin ne ya biya kuɗinsa, fasa ruwa da feroksaid kawai nake yi, abin da ɗan sakandare ke yi. Sannan ya ce na taɓa jikin kwalbar lokacin gwajin? Na taɓa, da ɗumi. Shi kuma zafi da kansa yana ƙara saurin aiki, mun karanta tun aji ɗaya.

Saboda haka kafin murna ka raba ƙarin da ka gani da abin da Faraday ya yarje maka. In amsar ba ta wuce ɗaya ba, ba ka ƙara wa katalis komai ba. Ka auna ba lantarki tukuna, ka auna da shi, ka kashe ka ga ko zai koma. Ma'aunin zafi ya zauna cikin ruwan, balle a zafin Bauchi na watan Maris da Afrilu inda gwajin safe da na azahar ba za su taɓa zama ɗaya ba, shi ma feroksaid ɗin lalacewa yake in ya sha rana a kanta. Kuma wayoyi biyu ba sa isa, sai da elektirod na uku na ma'auni, in babu shi ba ka san bolt nawa ne a fuskar katalis ɗinka ba, na caja kawai ka sani.

Wani abin da ya cuce ni, na ɗauki kwas ɗin lantarki da na katalis kamar ba su san juna ba, a ci jarabawa a manta. Alhali ƙara wa katalis ƙarfi tsohon abu ne, ƙarfen da ake yin amoniya da shi ta hanyar Haber da Bosch, wanda takin yuriya da manomanmu ke saye ya samo asali daga gare shi, fotasiyom ake zuba masa ya ƙara kuzari. Bambancin, wancan in ka zuba ka zuba kenan, na lantarki kuwa kana iya ƙarawa ko ragewa aiki na tafiya. A 2024 ma wasu masu bincike a MIT sun nuna ƙasa da rabin bolt ya ninka saurin wani aikin katalis na asid har sau dubu 100.

In kana son ganin kayan da idonka ba sai ka je Girka ba, je garejin kanikawa ka roƙi oga ya nuna maka abin da suke kira indomi a salansar mota, filatinom da faladiyom da rodiyom ne shafe a cikin ƙananan ramukan nan, ɗan sensan oksijin da ke ɗaure kusa da shi kuma yawanci zirkoniya ce a cikinsa. In ɗakin gwajinku ba shi da na'urar daidaita bolt mai elektirod uku, kar ka sa NEMCA a taken furojet ɗinka, ka auna yadda zafi da yawan manganis ke canza saurin kumfar feroksaid, wannan za ka iya kare shi.