Na zuba tsakuwa a tsakar gidana maimakon siminti, ga yadda abin yake

A Gusau yanzu duk wanda ya ɗan samu kuɗi abu na farko da zai yi ma tsakar gidanshi shi ne ya malale ta da siminti ko ya jera intalok tun daga bakin get har ƙofar ɗaki, ba a bar ma ƙasa ko tafin hannu ba. Ni dai ban yarda da wanga tsari ba. Ruwan Agusta in ya sauko bai da inda zai shiga, sai ya kwashi gudu ya fita lungu ya cika ma maƙwabta ƙofar gida, in bazara ta zo kuma simintin ya sha rana tun hantsi, har bayan isha'i shina huro ma mutane zafi ba a iya shimfiɗa tabarma. Shi ya sa da munka gama ginin gefen gidanmu a Tudun Wada na ce ma magini tsakuwa nike so, da ƴan manyan duwatsu kewaye da shuke-shuke.

Aikin gaskiya ba a saman yake ba, a ƙasa yake. Mun fara da sassabe wurin munka tone ciyawa har saiwa, sannan munka gyara gangare yadda ruwa zai riƙa barin jikin gini, kamar santimita 2 a kowace mita ya isa. Sai burji, anka zuba anka yayyafa ruwa anka daddaɓe shi sosai. Magini ya so ya shimfiɗa leda baƙa a kai wai don ciyawa, na ce mishi a'a Malam, leda riƙe ruwa take yi, sai ka ga ƙarƙashin tsakuwa ya koma gidan sauro. Buhunan taki da na shinkafa munka farke munka shimfiɗa baki bisa baki, su saƙa ce, ruwa na wucewa amma suna hana tsakuwa nutsewa cikin ƙasa. Gefe kuma dole a yi mata iyaka, mun kafa bulo a kwance rabinshi cikin ƙasa, in ba haka ba wallahi kaji da ƙafar yara za su kai ta har madafa.

Kauri santimita 5 ya wadatar, wajen inci 2 kenan. Lissafin ba wuya, kubik mita ɗaya zai rufe murabba'in mita 20 a wannan kaurin, to ka auna wurinka kafin ka kira mai tifa don kada ya ce maka sai lodi biyu. In ka wuce haka da yawa ƙafa nutsewa take, babur ma sai ka turo shi da ƙyar.

Iri biyu na sa. Ta wurin masu fasa dutse, mai kaifi-kaifi ƴar rabin inci, ita ke kama juna ta zauna daram, ita na zuba inda ake bi da inda nike aje babur. Ta bakin gulbi kuma sumul take, ta fi kyan gani musamman in ruwa ya wanke ta, jaja-jaja da ruwan ƙasa da ƴan farare, amma mirginawa take ƙarƙashin takalmi, sai na bar ta ga gindin bango da ƙarƙashin indararo. Wurin indararon nan ne na fi jin daɗin aikin. Da can ruwan rufi in ya zubo rami yake tonawa ya fallatsa jan laka a bango har tsayin gwiwa, yanzu na yi ɗan gurbi na cika shi da duwatsu masu girman dunƙulen hannu, ruwa ya faɗo a kai ya watse ya shige ƙasa, bango fes.

Da Inna ta zo ta gani ta daɗe tana kallo sannan ta ce, kai ɗan nan ai wanga ba sabon abu ba ne, mu da tsakuwa munka yi daɓen ɗakunanmu, a zuba makuba a taru da maɗabi ana bugu ana waƙa. Amma fa ka yi man hanya zuwa bayi, ƙafata ba ta iya wanga abu. Na ce to Inna an gama. Munka jera faffaɗan duwatsu a jere taki ɗaya ɗaya daga ɗakinta zuwa bayi da wurin alwala. Uwargida ita ma ta kafa sharaɗi, wurin turmi da shanya da inda ake zaman dare a bar shi da daɓe, kuma gaskiyarta, ba mai jin daɗin tabarma bisa tsakuwa.

Akwai magana ɗaya da nike roƙon duk ɗan Zamfara ya riƙe ta. Wani ya yi mani tallar farin dutse mai ƙyalli da araha, na tambaye shi daga ina, ya ce wajen masu haƙar zinari ake kwasowa. Ban ko taɓa shi ba. Mun san abin da ya faru a 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, anka riƙa shigo da dutsen ma'adinai cikin gidaje ana daka ana niƙa, ashe cike yake da dalma, ƙurar ta shiga jinin yara, sama da 400 sunka rasu, sai da likitocin MSF, wata ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, sunka shigo aka kuma kankare ƙasar gidaje aka sa wata. Dalma ba a gane ta da ido cikin dutse, ga yaro mai rarrafe komai ya samu baki yake kai wa. Don Allah kowane dutse za ka shigo da shi gida ka tambayi asalinshi, in mai sayarwa ya fara kame-kame ka bar mishi abinshi.

Wajen shuka, dutse na ɗaukar zafi, balle baƙi. Ban yarda tsakuwa ta taɓa gindin gwaba da lemu ba, na bar musu da'ira na rufe da ɓawon gyaɗa. Alobera da lalle kam ba ruwansu, suna nan cikin duwatsu abinsu. Manyan duwatsun kuma binne gindinsu na yi wajen sulusi, sun fi zama kamar nan sunka tsiro, kuma ba a bar ma kunama kogo ba.

Shara ce ɗan wahalarta. Tsintsiya na jan tsakuwa, ga dogon yaron maƙwabcinmu in ya fara zubar da ganye sai dai haƙuri, da manjagara nike bi sama-sama. Ƙurar hunturu ma tana cika tsakaninta har ciyawa ta samu wurin tsirowa da ruwan farko, amma saiwarta ba ta zurfi, da yatsa biyu ake tuge ta. Kafin damina nikan motsa wurin duka da manjagara, inda ya lotsa in ƙara baro ɗaya ko biyu daga ragowar da na tara bayan ɗaki.