Tsohuwar Rediyon Kamfani Ta Koma Rifita

Idan tsohuwar rediyon oba-oba GE MASTR II ta faɗo hannunka, kada ka kai ta bola, mai da ita rifita, wato na'urar da ke karɓar sigina ta sake aika shi nesa. Sauya mata kiristal, ɗan abin da ke tsayar mata da mita, ka saita ta cikin 144 zuwa 146 MHz, tazarar kHz 600 tsakanin karɓa da aikawa.

Wahalar tana wajen difleksa, matatar da ke raba siginar aikawa da ta karɓa. Eriya ɗaya ce, to in ba a tace da kyau ba, ƙarfin aikawa ya toshe kunnen mai karɓa, ɗan Kawo a nan cikin Kaduna ma ba za ka ji shi ba. Bar kebul ɗin RG-58, yana zubar da sigina. RG-214 mai sulke biyu ne daidai.

Rage ƙarfin zuwa rabi, ka ɗaura fanka, don zafin Afrilu a Kaduna ba wasa ba ne. Batir mai volt 12 saboda NEPA. Lasisin 5N kuma, na masu rediyon sha'awa a Najeriya, tukuna, kafin ka kunna.