Dalma a kayan yara: fenti da ƙarfe ne wurin dubawa

Sana'armu a nan Jos haɗa kujerun makarantun yara ne, da gadajen jarirai da motocin wasa. Itacen da ake saye a Kasuwar Katako ba shi ne abin tsoro ba. Dalma a fenti take ɓuya, musamman fenti mai mai, ruwan ɗorawa da ja da ruwan lemo, domin wasu masana'antu da ita suke fito da launi, ko su zuba ta don fentin ya bushe da wuri. Yaro kuwa duk abin da ya ɗauka baki yake kaiwa, har gefen gado sai ya gwaguya. Bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400, bai kamata mai wannan sana'a ya yi wasa da ita ba. Lahanin da take yi wa ƙwaƙwalwar yaro ba ya gyaruwa.

Ma'aunin da muke bi na dokar Amurka ne ta 2008, wadda ta shafi kayan 'yan shekara 12 zuwa ƙasa: kada dalma ta wuce miligiram 90 a kowane kilo na busasshen fenti, ko miligiram 100 a kilo na jikin kayan. A gida kuma, hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ke ba da MANCAP, wato shaidar ingancin kayan da aka ƙera a Najeriya.

Kowane launi gwajinsa daban. A shafa shi a gilashi mai tsabta, ya bushe sarai, a kankare, a ƙulle a leda, a rubuta lambar da ke jikin gwangwanin, sannan a kai ɗakin gwaji. Idan aka cakuɗa launuka uku don rage kuɗi, masu kyau biyun na iya rufe wa mai gubar asiri. Sabuwar lamba, sabon gwaji. Fentin da aka tsiyaya a gora ana sayarwa a kasuwa kuwa a bar shi, ba a san asalinsa ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ƙarfe. Farar tagulla da ake yin mariƙi da ƙararrawar wasa takan ƙunshi dalma kashi 2 zuwa 3 cikin 100, wato ninkin ma'aunin sau 200 ko fiye. Haka dalmar liƙi irin ta masu gyaran rediyo.

Sai batun shaƙewa. Idan kayan na yaro ne ɗan ƙasa da shekara 3, a ja tayar motar da ƙarfi, a murɗa, a yar da ita ƙasa. Duk gutsuren da ya ɓalle ya shige bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7, motar ba ta fita daga shago.