Yadda ƴar jakar kyamarata ta kai ni ta dawo da ni

Tun kafin ranar tafiya abin da ya tsaya min a rai shine jakar da zan saka kyamara. Kayan nawa ba wasu masu yawa bane, kyamara ce ƙarama irin marar madubin nan, da lens ɗin da ta zo dashi, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, mai 18-55mm, sai wani ɗan guntu 35mm, batir na ajiya, caja, memori da ƙyallen goge gilashi, shikenan. Amma duk wadda na duba ko dai ƙatuwar jakar goyo ce ta masu manyan kaya, ko kuma irin su Peak Design masu kyau ɗin nan da kuɗinsu ya kusa kamo na ƙaramin lens, ni kuma gaskiya aljihuna bai kai nan ba.

Sai na jera kayan akan tebur yadda nake so su zauna, lens a jikin kyamara tana kallon ƙasa, na ɗauko tef na auna tsawo da faɗi da zurfi. Wannan awon ya taimake ni sosai domin masu sayarwa sau da yawa girman waje suke rubutawa, alhali soson ciki yana cin wajen santimita ɗaya ta kowane gefe. Da lita ake faɗin girman cikin jaka, mai lita 3 ta min kaɗan, mai lita 10 kuma zata sa in dinga cusa tarkacen da bana buƙata, sai na tsaya a mai lita 6 ta ratayawa a kafaɗa, wadda sunan kamfanin ma ba sananne bane. Kafin in biya na danna gindinta da babban yatsa inji kaurin soson, domin nan ne ke shan duka duk sanda ka dire ta, na ja zif ɗin na mayar ya kai sau nawa naga an rubuta YKK a kansa, sunan sanannen kamfanin zif, sannan na finciki maratayin in ga ko ɗinkin zai yi ƙara.

A filin jirgi ta fara biyana. Dokar jiragen sama bata yarda a saka batirin lithium na ajiya cikin akwatin da ake aunawa a tura ƙasa ba, dole ya shiga ciki tare da kai, kuma a rufe bakinsa kar ya taɓa ƙarfe, to aljihun gaba ya ɗauke su kowanne da murfinsa. Kamfanoni da yawa kilo 7 suke bari na kayan hannu, nawa ko kusa basu kai ba, jakar kuma ta shige ƙarƙashin kujerar gabana lafiya lau. Da muka sauka muka hau bas, hanyar duk gargada, a cinyata ta zauna har muka isa, ko sau ɗaya banji lens ya bugi kyamara ba saboda ɗan soson da ke raba tsakiya ya riƙe su gam.

Washegari da sassafe muka kama hawan dutse. Muna tsakiyar hawa hazo ya ɗan yaye rana ta keto kan kwarin da ke ƙasanmu, abin da bai wuce ƙiftawa da bismillah ba, kawai na jawo jakar daga baya zuwa ƙirji na zuge da hannu ɗaya na zaro na ɗauka. Abokin tafiyata mai jakar goyo sai da ya tsaya ya sauke ya nemi inda zai ajiye a ƙasa mai laima, kafin ya buɗe hazo ya rufe. Wallahi na ji masa, domin kyamararsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Jakar da zaka buɗe tana jikinka ita na fi ba muhimmanci yanzu akan duk wani ado ko suna.

A hanyar saukowa ruwa ya tsuge. Irin waɗannan jakunkuna masu araha yayyafi kawai suke iya tarewa, ta zif da ɗinki ruwan yake shiga, shi yasa na tanadi leda mai kauri na juya mata, na kuma bar ƴan ƙunshin silika biyu a ciki suna tsotse danshi, tunda danshi ne ke kawo fumfuna a gilashin lens. A masauki ma in zan fito daga sanyin esi zuwa zafin waje sai in bar kyamarar cikin jakar a rufe na ɗan lokaci, kar gilashin yayi gumi.

Tana da nata aibun fa. Maratayin siriri ne, bayan awanni kafaɗa ta fara zafi sai da na dinga sauya gefe, cikinta kuma baƙi ƙirin ne, murfin lens in ya faɗa sai ka yi ta laluba. Wurin ɗaura ƙafar kyamara ma babu. Duk mai neman irinta ya dubi mai faffaɗan maratayi da ciki mai haske, toka-toka ko ruwan lemo, kuma ya tafi da kyamararsa ya saka ya zuge zif ɗin ya gani kafin ya miƙa kuɗi.