Ƙwan saniya da ƙwayar mutum: abin da na koya daga wannan muhawara

A karatunmu na kimiyyar haihuwa babu darasin da ya raba kan ɗalibai kamar na haɗa ƙwayar halittar mutum da ta dabba don binciken magani. Wasu daga jin batun suka ce ba ya buƙatar dogon bayani, ɓarna ce kawai. Wasu kuma suka ce duk abin da zai kawo wa mara lafiya sauƙi a yi shi. Na ci gaba da bin batun bayan an wuce shi a aji, kuma abin da na gano shi ne ƙyama da ɗoki duk sukan sa mutum ya yanke hukunci tun bai tambayi me ake yi ba, jikin wa ake amfani da shi, kuma shin alkawarin da aka ɗauka gaskiya ne.

Abubuwa biyu ne mabambanta ake kira da suna ɗaya. Na farko shi ne a ɗauki ƙwan dabba, a cire cibiyarsa da ke ɗauke da bayanan gado, a sa ta mutum a gurbinta. Na ga yadda ake wannan aiki, amma da ƙwayoyin shanu zalla. Daga mayanka ake kawo ma'ajiyar ƙwan shanun da aka yanka, a cikin ruwan gishiri mai ɗumi, a riƙa soka sirinji a ƙananan ƙullutun da ke jikinta ana zuƙo ruwan. A ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji ƙwan yakan fito a matsayin ɗan dunƙule mai duhu, faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita da kaɗan ba. Wani siririn bututun gilashi yana riƙe shi daga hagu, allura ta shigo daga dama, ta huda ɓawon, ta tsotse ɗan abin da ke ɗauke da gadon saniyar. Sai a tura ƙwayar fata a wurin, a ba su ɗan lantarki su haɗe. Mai aikin ba ya magana a lokacin, domin ko tebur aka taɓa ƙwan na iya fashewa. Da wannan dabarar aka samar da tunkiyar nan Dolly a cibiyar Roslin ta Sikotland a 1996. Idan ƙwayar fatar ta mutum ce, an sami tayin da ake magana a kai. Kusan kashi 99.9 cikin ɗari na gadonsa na mutum ne, ragowar kuma na saniya ne, wanda ya rage a cikin maitokondiriya, wato ƙananan sassan da ke samar wa ƙwaya kuzari.

Manufar ba ta haihuwa ba ce. So ake tayin ya kai kwana biyar ko shida, a ciro ƙwayoyin asali daga cikinsa, waɗanda za su iya rikiɗewa su zama ƙwayar jijiya, ta zuciya ko ta hanta. James Thomson na Jami'ar Wisconsin a Amurka ne ya fara raya irinsu daga tayin mutum a 1998. Idan fatar mai ciwon Parkinson, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai sa jiki karkarwa, aka yi amfani da ita, ƙwayoyin za su ɗauki gadonsa, sai a yi nazarin cutar a faranti.

To me ya kai su ga saniya? Nan ne idona ya fara buɗewa. Ƙwan mace ba ya samuwa a sauƙaƙe. Sai an yi mata allurai na kwana goma ko fiye don ƙwai su nuna da yawa, sannan a shiga da allura a ciro su, kuma wasu matan sukan kumbura, ruwa ya taru musu a ciki, har a kwantar da su a asibiti. A 2004 da 2005 Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya yi shelar cewa ya samar da ƙwayoyin asali ta wannan hanya da ƙwan mata. Daga baya bincike ya nuna sakamakon na ƙarya ne, kuma an yi amfani da ƙwai sama da 2,000. Wasu matan biyan su aka yi, biyu kuma ƙananan ma'aikata ne a ƙarƙashinsa. Yarinyar da digirinta ke hannun shugabanta, idan ta ce ta yarda, wace irin yarda ce wannan? Tun da na san wannan labari na daina kallon ƙwan saniya a matsayin wasa da halitta kawai. Waɗanda suka kawo shawarar suna ƙoƙarin sauke wa mata wani nauyi ne, kuma duk wanda zai ce a hana, ya kamata ya faɗa mana daga jikin wa za a samo ƙwan.

A Birtaniya aka fi fafata muhawarar. Tun a 2003 wata ƙungiyar masu bincike a Shanghai ƙarƙashin Hui Zhen Sheng ta ba da rahoton yin haka da ƙwan zomo, amma a Landan ne abin ya kai majalisa. Hukumar kula da binciken tayi ta ƙasar ta saurari ra'ayin jama'a a 2007, a Janairun 2008 ta ba Jami'ar Newcastle da King's College ta Landan izini. A watan Afrilu masu binciken Newcastle suka ce sun samar da tayin da ƙwan saniya, ya rayu kwana uku. Kadinal Keith O'Brien na cocin Katolika a Sikotland ya kwatanta aikin da ƙera dodo a huɗubarsa ta Ista. Firaminista Gordon Brown ya goyi bayan binciken, ƙungiyoyin marasa lafiya ma haka. A watan Mayu 'yan majalisa 336 suka ƙi amincewa da haramta shi, 176 suka nemi a haramta. Dokar da majalisar ta amince da ita ta ce ba za a bar tayin ya wuce kwana 14 ba, kuma ba za a dasa shi a mahaifar mace ko ta dabba ba.

Bayan duk wannan ƙura, babu wani magani da ya fito. A 2009 Robert Lanza da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa ƙwan saniya da na zomo ba sa iya mayar da cibiyar ƙwayar mutum farkon halittarta yadda ƙwan mace ke yi. Masu ba da kuɗin bincike a Birtaniya ma ba su zuba kuɗi a aikin ba. Ga kuma Shinya Yamanaka na Japan, wanda a 2006 da ɓera, a 2007 da mutum, ya nuna cewa da sinadaran gado huɗu kawai za a iya mayar da ƙwayar fata ta koma ta asali, ba ƙwai, ba tayi. A 2012 aka ba shi kyautar Nobel tare da John Gurdon.

Wannan ɓangaren ne ya fi tsaya mini a rai. An tsaya gaban masu ciwon da ba shi da magani an nuna musu cewa ƙuri'ar majalisa ce tsakaninsu da waraka, alhali ko hanyar ba a tabbatar tana ɓullewa ba. Ba na zargin masu binciken da gwada abin da bai yi aiki ba, haka bincike yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sayar da wataƙila a farashin tabbas. Mutumin da jikinsa ke mutuwa a hankali yana ƙirga watanni ne, kuma sa masa ran da ba shi da tushe cutarwa ce. Haka su ma masu adawa, sun tsorata jama'a da dodon da babu wanda ya yi niyyar ƙerawa kuma doka ta riga ta toshe hanyarsa.

Amma a ƙarƙashin hayaniyar akwai tambaya ta gaske, kuma na lura masu binciken sukan gudu daga gare ta. Idan suna neman izini sai su ce tayin kusan duka na mutum ne, shi ya sa zai yi amfani. Idan kuma aka tambaye su game da lalata shi, sai su ce ai ɗan tarin ƙwayoyi ne. Ba a riƙe maganganun nan biyu a lokaci ɗaya ba tare da bayani ba. Cocin Katolika na ganin mutuncin ɗan Adam yana farawa tun daga haɗuwar ƙwai da maniyyi. A Musulunci, hadisin Ibn Mas'ud ya ambaci busa rai bayan kwana 120 a fahimtar mafi yawan malamai, amma wannan bai sa tayi ya zama abin banza kafin nan ba, kuma Malikiyya sun fi tsanantawa a kan taɓa shi tun daga farko. A 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta amfani da ƙwayoyin asali daga mabiyiya, da igiyar cibiya, da ragowar tayin da ma'aurata suka bari bayan an haɗa ƙwai da maniyyinsu a ɗakin gwaji an yi dashen ciki, idan sun amince, amma ta hana ƙirƙirar tayi da gangan don a ciro ƙwayoyinsa. Wannan bambanci tsakanin amfani da abin da ya riga ya samu da kuma ƙirƙiro shi don a lalata, ni ina ganin yana da nauyi, ko ga wanda ba addini ne ma'auninsa ba.

Abu na biyu ya fi na farko girma, kuma shi ne ke tafiya har yanzu, ko da yake bai sha surutu kamar wancan ba. A nan tayin na dabba ne cikakke, sai a zuba masa ƙwayoyin asali na mutum su girma tare. Hiromitsu Nakauchi ya nuna a 2010 cewa idan aka hana tayin ƙaramin ɓera yin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da insulin, aka sa masa ƙwayoyin babban ɓera, su za su cike gurbin. A 2017 aka juya gwajin, aka raya fankiriyas ɗin ƙaramin ɓera a jikin babba, aka dasa abin da aka samu a jikin ƙananan ɓeraye masu ciwon suga, sukarinsu ya daidaita. Burin shi ne a raya ƙodar mutum a jikin alade daga ƙwayoyin mara lafiyan kansa, don kada jikinsa ya ƙi ta. A Amurka kaɗai sama da mutum 100,000 ke jiran dashen gaɓa, yawancinsu ƙoda. Duk wanda ya zauna kusa da mai wankin ƙoda, awa huɗu a jikin inji sau uku a mako, ana ƙayyade masa ko ruwan sha, ba zai raina wannan buri ba. Batun alade ga Musulmi kuwa yana shiga babin larura, kuma malamai suna da abin faɗa a kai.

A 2017 masu bincike na cibiyar Salk a Kalifoniya suka sa ƙwayoyin mutum a tayin alade, suka dasa a mahaifar aladu, suka bar shi makonni uku zuwa huɗu. Ƙwayoyin mutum da suka tsira kaɗan ne ƙwarai. A 2023 wata ƙungiya a Guangzhou ta ƙasar Sin ta raya farkon ƙoda a tayin alade har kwana 28, kuma rabi ko fiye na ƙwayoyin ƙodar na mutum ne. Sun kuma sami 'yan ƙwayoyin mutum a ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayar asali ba ta tsayawa inda aka aike ta. Idan da yawa suka shiga ƙwaƙwalwa, me muka yi wa wannan dabba, kuma da wane haƙƙi za mu yanka ta? Idan suka shiga gaɓoɓin haihuwa fa? Ga kuma uwayen aladun da ake yi wa tiyata ana dasawa ana cirewa, waɗanda ba kasafai ake sa su a lissafi ba.

Sai batun iyaka. A Birtaniya dokar kwana 14 ta samo asali ne daga rahoton kwamitin Mary Warnock na 1984, domin a daidai lokacin ne layin farko na tsarin jiki ke bayyana, kuma tayi ba ya ƙara rabuwa ya zama tagwaye. Shekaru da dama kowa ya kiyaye ta, amma a lokacin babu mai iya raya tayi a faranti fiye da kwana tara. A 2016 aka kai kwana 13 a Cambridge da New York. A 2021 babbar ƙungiyar masu binciken ƙwayoyin asali ta duniya ta cire wannan iyaka daga jerin abubuwan da ta haramta kai tsaye, ta ce a duba kowace buƙata da kanta. A shekarar ce kuma aka sanar da wani gwaji a birnin Kunming na ƙasar Sin, inda aka sa ƙwayoyin mutum a tayin biri 132, uku suka kai kwana 19. Dokar kwana 14 ba ta hau kansu ba, tunda tayin na biri ne. Japan ma a 2019 ta ɗage haramcin barin irin waɗannan dabbobi su kai ga haihuwa. Ana iya samun hujja mai kyau ga kowane mataki, amma abin da ke damuna shi ne waɗanda ke son tsallake iyakar su ne ke zama su sake zana ta, kuma daidai lokacin da suka sami ikon tsallakewa.

Inda na tsaya a yau shi ne ban ga dalilin komawa ga ƙwan saniya ba, tunda hanyar Yamanaka ta biya buƙatar ba tare da ƙirƙirar tayi ba. Aikin ƙoda a jikin alade ina goyon bayansa, da sharaɗin a yi amfani da ƙwayoyin da aka toshe wa hanyar zama ƙwaƙwalwa ko ƙwayar haihuwa, a riƙa tsayawa a kowane mataki ana dubawa, kada a bar irin waɗannan dabbobi su hayayyafa, kuma wanda ya ba da fatarsa a gaya masa ƙarara cewa jikin dabba za a sa ta. Na biri kuwa ban yarda da shi ba. Kusancinsa da mu, wanda shi ya sa ƙwayoyinmu ke iya zama a jikinsa, shi ne kuma ya sa haɗarin taɓa hankalinsa ya fi yawa, kuma ba daga jikinsa ake sa ran samun gaɓoɓin dashe ba. Kwamitin da zai ba da izini kuma kada ya zama na masu bincike kaɗai. A sa marasa lafiya, da likitocin dabbobi, da malaman addini, da matan da suka san abin da ba da ƙwai ke nufi, a kuma ba su ikon dakatar da gwaji ko da an riga an kashe masa kuɗi.