Kafin littafin waya ya kori na takarda, a duba abin da ake turo mana

A Samaru da Kongo, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, yanzu malami yana ambata sunan littafi a aji, kafin a tashi wani ya jefa shi a rukunin WhatsApp na 'yan ajin. Wannan ne ya sa wasu ke cewa zamanin takarda ya wuce. Maganar tana da nauyi a Zariya, garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, kuma kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ya ci gaba da ɗab'in littattafan Hausa daga 1966. A ganina bai kamata littafin waya ya maye gurbin na takarda ba, kuma babban dalilina shi ne yawancin abin da ke yawo a wayoyinmu da sunan littafi bai cika littafi ba tukuna.

Iri uku ne ake tura wa mutane. Na farko hoton shafuka ne kawai, wani ya ɗauka da waya ko ya yi sikan, ya haɗa su PDF. Na biyu PDF ne na ainihin rubutu, wanda ya fito kai tsaye daga kwamfutar da aka tsara littafin. Na uku EPUB ne, tsarin fayil da aka yi musamman don karanta littafi a na'ura. Gane su ba wuya: ka danna yatsa a kan kalma ɗaya ka riƙe. In kalmar ta zaɓu, rubutu ne. In ba abin da ya motsa, hoto ne. Littafin hoto mai shafi 200 yana iya haura megabait 50, ba a iya neman kalma a cikinsa, makaho ba zai iya sa waya ta karanta masa ba, kuma sau da yawa gefen da ke kusa da ɗinki ya lanƙwashe ya cinye haruffa. PDF na rubutu ya fi, amma shafinsa a ƙame yake: an tsara shi don takardar A4 ko A5, don haka a fuskar waya mai inci 6 sai an yi ta buɗawa ana ja hagu da dama a kowane layi. EPUB ne kaɗai ke sake jera kansa daidai da faɗin waya, ka ƙara girman harafi yadda idonka ke so, kuma littafin labari da ba hotuna sau da yawa bai kai megabait 1 ba. Shi ne ya fi dacewa da waya, shi ne kuma ya fi ƙaranci a hannun mutane.

Littafin Hausa yana da tasa matsalar daban, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Littattafai da yawa an buga su ne da tsofaffin nau'o'in harafi na musamman, waɗanda ke ɓoye ƙ a gurbin wata alama ta daban. A kwamfutar maɗaba'a komai daidai yake fitowa, amma da an buɗe fayil ɗin a wayar da ba ta da wannan harafi sai ka ga akwati ko alamar tambaya a tsakiyar kalma. Maganinsa a sake mayar da rubutun kan tsarin Unicode, wanda kowace waya ta zamani ke ganewa. Haka manhajar da ke juya hoto zuwa rubutu: in ba a koya mata Hausa ba, takan sare lanƙwasar harafin, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki. Ɗalibin da ya nemi kalma a irin wannan fayil zai ɗauka babu ita a littafin, alhali tana nan shafi bayan shafi. Dole mutum mai jin Hausa ya zauna da littafin takardar a gefe, ya bi layi-layi yana gyarawa. Wannan aikin ne ake tsallakewa, domin shi ne mai cin lokaci.

Wanda zai yi wa tsohon littafi sikan, bayan ya sami izinin mai haƙƙinsa, ya sa na'urar a kan 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto), launin toka-toka in rubutu ne zalla, mai launi in akwai zane ko jan tawada irin na rubutun ajami. Kada a danne gadon bayan littafin da ƙarfi a kan gilashi, nan ne gam ke tsagewa. A ƙirga shafuka bayan an gama, domin tsallake shafi biyu da suka manne shi ne kuskuren da ya fi yawa. A sa wa fayil suna da sunan marubuci da na littafi da shekarar bugu, a kuma ɗauki shafin da ke ɗauke da bayanin maɗaba'a, in ba haka ba mai rubuta kundin digiri ba zai san bugu na nawa yake kafa hujja da shi ba.

Sai wuta. Waya mai haske a buɗe tana shan caji cikin sa'o'i, kuma saƙonni na shigowa suna katse karatu. Na'urorin karatu irin Kindle da Kobo ba su da wannan illa, domin fuskarsu ba ta cin wuta sai lokacin juya shafi, caji ɗaya yana kai makonni, ana kuma karanta su a tsakar rana. Sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin ɗalibai, kuma PDF na hoto yana wahalar karantuwa a kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne mallaka. Littafin da ka saya a cikin manhajar wani kamfani, izinin karantawa ka saya. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafai, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗewa, sai kuɗi aka mayar musu. A ƙarshen 2023 OkadaBooks, inda marubutan Hausa ma ke sayar da nasu, ya rufe. Wanda fayil ɗin ke hannunsa ma bai tsira ba: waya ta faɗa ruwa, ko a sace ta, ko memori na jabu ya nuna gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya riƙa lalata abin da aka zuba masa. Duk fayil mai muhimmanci a ajiye shi wuri uku, waya da fulash ko kwamfuta da kuma intanet, a riƙa buɗe shi lokaci-lokaci a tabbatar yana nan lafiya.

Takarda ma ba ta rasa nata ciwon ba. Yawancin wadda ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita, don haka farashin littafi yana bin dala. Gara na cinye kwali guda ba a sani ba, danshin damina yana kawo fumfuna, littafin da aka haɗa da gam kawai yana zubar da shafuka in zafin bazara ya busar da shi. Mai ɗinkin zare ya fi ƙarko nesa ba kusa ba. A ɗaga kanta daga ƙasa kamar santimita 15, a bar tazara tsakaninta da bango, a riƙa fito da littattafai ana kakkaɓewa. Wanda aka kula da shi haka, jikoki za su buɗe shi ba tare da neman caja ba.

To wane littafi ya dace da wane gida? Ƙamus, mujallun bincike, tambayoyin jarrabawar baya, jadawalin da ke sauyawa duk shekara, da littattafan da bugunsu ya ƙare a kasuwa, waɗannan waya ta fi dacewa da su, domin nema ake yi a cikinsu ba bi daga farko ba. Littafin koyon karatu na yaro, da wanda ɗalibi zai zauna da shi zango guda yana ja masa layi yana komawa baya, takarda ce gidansu. A 2018 wasu masu bincike a Sifaniya sun tattara nazarce-nazarce 54, suka ga an fi fahimtar rubutun ilimi a takarda fiye da a fuskar na'ura, musamman in lokaci ya ƙure. A littattafan labari kuwa ba su ga bambanci ba. Marubucin labari yana iya fara sakin nasa ta waya ya huta da kuɗin bugu, amma ya sani kwafi ɗaya da ya sayar yana iya zagaya rukuni goma a dare ɗaya, don haka ya sa farashi mai sauƙi da hanyar biya mai sauƙi, ya kuma buga ko da kwafi kaɗan ne ya kai ɗakunan karatu.

Gidajen malamai na cikin birni da ke da rubuce-rubucen hannu na kakanni, su ɗauki hotonsu tun tawada ba ta ƙara dusashewa ba. Bayan an ɗauka, a mayar da ganyayen yadda aka same su a jere, kada a liƙe yagaggen wuri da salatif, domin gam ɗinsa yana cin takarda ya bar tabo, kuma kada a ɗaure su cikin leda, tana riƙe danshi.