Santimita huɗu na igiyar haske sun ci min mako uku

Har yau in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Aikina a lokacin shi ne gwada na'urar da ke neman sankarar mama da hasken leza. Ana harba ƙyaftawar haske, mai tsawon zango tsakanin nanomita 600 da 1000 inda nama bai cika shanye shi ba, a ƙirga lokacin da kowane ɗigon haske ya ɗauka kafin ya ɓullo ta ɗaya gefen. Nama na watsa haske kamar hazo, shi ya sa kaurin santimita biyar kan ci nanosakan kaɗan (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan). Ɗigon hasken da suka makara su ke tona yawan jinin da ke hanya, ƙari kuwa ya fi lafiyayyen nama jijiyoyin jini.

Ba a kai ga jikin mutum ba tukuna, alhamdulillahi. Da naman bogi nake gwaji, ruwan Intralipid mai kama da madara da 'yar tawada.

Sai igiyar hasken, wato zaren gilashin da haske ke bi ta cikinsa, ta karye. Na ɗauko wata a durowa na saka, ta ɗara tsohuwar da santimita huɗu. Na ce a raina, me santimita huɗu za su yi? Ashe kowace santimita ta gilashi tana jinkirta haske da kusan fikosakan 50 (fikosakan dubu ne nanosakan ɗaya). Fikosakan 200 ke nan na ƙara, ban kuma sake auna lokacin na'urar ita kaɗai ba, wato sifirinta. Kwamfuta ta ga jinkiri, ta ɗora shi a kan watsuwa, lissafin jinin ma ya bi ya karkace.

Na zargi haɗin, na zubar na sake har sau uku. Na zargi tawada, na zargi zafin ɗaki. Ko sau ɗaya ban kalli igiyar ba, alhali da hannuna na canza ta. Malamina ya leƙo, ya dubi allon, ya ce, "Yaushe rabonka da auna sifiri?" Kunya ta hana ni amsawa. Minti goma aka yi, lambobi suka koma daidai.

Yanzu safe da yamma nake auna shi, bayan leza ta yi awa guda tana ɗumi, domin ita ma lokacinta kan zame. Igiyoyin kuwa na rubuta tsawon kowacce a jikinta, na liƙe su da salatif, na hana kowa taɓawa.